Telan Teku

Ni tela ne a Nima, shagona na kan kwana,
keken ɗinkina ya girmi aurena.
Teku kuwa, daga tagar mota na san ta,
wani shuɗin abu can bayan Osu, mai ƙarnin kifi.

Wata Laraba Naa Dedei ta yi sallama
da ƙyalle a ka, ya fi rumfar suna faɗi.
Ta ce filafilin jirgi ne, iska ta yaga,
ga tsere saura kwana goma sha ɗaya.
Allura uku na karya a kansa,
ta huɗu ce ta shige.
Ta ja ɗinkin, ta sa masa haƙori,
ta ce, "Barau, ka iya iyo?"
Na ce ko a kwata ban taɓa ba.
Ta ce, "To, ai ka iya riƙe zare."

Daga nan kullum asuba sai Tema,
koko a leda, ƙosai na hucewa a aljihu.
Tetteh Kwao ya koya mini ƙulli bakwai,
biyar suka zauna.
Ekow ya ce in sanda ta taso ka sunkuya,
ba a gardama da ita.
Ban ji ba. Ga shaida nan a goshina.
Kwana huɗu ina ciyar da kifi abin da na ci,
Sena na dariya, tana miƙo mini citta.

A unguwarmu igiya ta shanya ce, ko ta rago.
A nan kashi biyu ce, ta hannu da ta ruwa:
ɗaya tafinka take ci,
ɗaya kai ɗin take nema gaba ɗaya.

Ranar tsere jirage tara muka jeru.
Aka busa ƙaho.
Fitilar Jamestown ta yi ta ƙanƙancewa
har ta koma kan ashana, sannan babu.
Barci awa biyu, gadi awa biyu,
garin rogo da sukari a kofi ɗaya, mu biyar.
Da isha'i na tambayi Sena alƙibla,
ta haska kamfas, ta nuna da haɓa.
Kafin in kai ruku'u jirgi ya juya,
gabas ta koma bayan kunnena.
Allah Ya san inda na nufa.

Wajen ƙarfe uku hadari ya same mu.
Cikin rugugin na tsinci ƙarar
da kowane tela ya sani ko yana barci:
ƙyalle na rabuwa.
Ba ɗinkina ba ne. Kamu ɗaya sama da shi.
Na fara duba wannan tukuna, ba zan ɓoye ba.

Suka sauke shi, suka ɗaure ni a gindin sanda,
tocila a bakina, ruwa na mari na ta hagu,
Ekow ya danne gefe da gwiwa yana zagin iska da yarensu.
Jirgi uku suka wuce mu,
ina ganin fitilunsu, kore, sannan fari.
Na ƙirga ɗinki ɗari da tara,
na bari da jini ya sa zaren santsi.

Da aka ɗaga shi, ya cika ya yi tim
kamar kumatun yaro mai fushi.
Muka yi shiru muna jiran ya fashe.
Bai fashe ba.
Naa Dedei ba ta ce komai ba,
ta dai ba ni nata rabon garin.

Na shida muka zo.
Ba kofi, ba hoto, sai ciwon kafaɗa.
Inna Tasalla ta ce, "Me kuka samo a ruwan?"
Na buɗe mata tafina, ta ja tsaki,
ta tafi neman man kaɗanya.

Yau Litinin, ina kan wandon makaranta,
ƙasa ba ta daina lilo a ƙarƙashina ba.
Can tsallaken titi wata ta shanya zannuwa.
Na tsai da keke, ina kallon yadda suke kaɗawa.
Daga kudu take busowa.
Da mu ne, da yanzu mun saki igiya.