Baƙon da Ba Ya Isowa

An ɗauke wuta a Ali Ɗan Sofo.
Mun fito da tabarma tsakar gida, ni da Inna,
wayata na hannu, saƙon Cima a ciki.

Ni dai na san hasken da ido ba ya gani.
Shekara goma sha ɗaya ina rataya rigar darma
a ɗakin hoto na babbar likita,
ina ce wa ɗan kabu-kabun da ya karye:
riƙe numfashi.
Sai ƙashinsa ya fito fari fat a baƙin faifai.

Amma na Cima ya fi nawa zafi,
kamar a gwada ashana da wutar maƙera.
Ta ce can, bayan duk tauraron da muka san sunansa,
akwai garken taurari mai rami a cibiya,
rami mai haɗiya ba ƙoshi.
Abin da ya kuɓuce wa bakinsa
shi yake fesowa tsaye, kamar tiyon da ya tsinke,
kuma bakin tiyon mu yake kallo.

Inna ta ce, to ita me take yi?
Na ce gadi.
Madubai ɗari-ɗari jere kamar saƙar zuma
a kan wani tudu mai sanyi,
sai daren da wata ya ƙi fita
suke buɗe ido.

Ya taso tun babu Gulbi,
tun ba a haƙa rijiyar farko a Tibiri ba,
tun babu mai haƙawa.
Bai ratse ba, bai yi zango ba.
Sai ya zo ƙofarmu, ya daki iska,
ya tarwatse.
Shuɗin ƙyalli kaɗai yake bari,
wanda ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau miliyoyi.
Shi Cima take tsinta, tana ƙirgawa.
Jiya, in ji ta, bakwai.

Inna ta yi shiru.
Wani sauro ya wuce. Injin maƙwabci ya yi tari, ya mutu.

Can ta ce: duk wannan tafiya,
a mutu a zaure
ko ruwa ba a ba ka ba.

Ta gyara kwanciya, fuska sama.
Rubuta mata, ta ce,
ta riƙa sa rigar sanyi,
kuma in ya sake zuwa
ta yi masa sannu da hanya.