Numfashi Uku a Tibilisi

Faifai biyu gare mu, kiɗan kuwa ɗaya ne,
irin wanda piyano ke ja-in-ja da taron makaɗa.
Ni da Otar, maƙwabcina na hawa na uku,
shekara goma sha ɗaya muna musu a kansu,
tun gashinsa yana da sauran baƙi.

Nawa, saurayi ne ya kaɗa a ɗakin ɗaukar sauti.
Yatsunsa kamar ruwan sama a kan kwano,
ba tuntuɓe, ba tari, ba kukan kujera.
In masu goge suka taso masa su arba'in
sai ya ratsa su kamar wuƙa a cikin kabewa.
Na ce wa Otar: ka ji aiki.
Ya ce: na ji ɗinki, Lamara.
An yanka, an haɗa, an ɓoye bakin zaren.

Nasa, wata tsohuwa ce a gaban jama'a,
a wani daren sanyi, tun ban haifi 'yata ba.
Tana jan sashen tsakiya kamar mai hawan tudu da tulu,
allurar garmaho tana ƙas-ƙas kamar ana suyar albasa,
wani a layin baya ya yi tari sau biyu,
kusa da ƙarshe kuma ɗan yatsanta ya zame,
ya taɓa maƙwabcin abin da ta nufa.
Otar yakan ɗaga hannu tun wurin bai zo ba,
kamar mai jiran baƙon da ya san sallamarsa.
Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaure tsirkiyar piyano,
ga shi kuskure ya fi so a duniya.
Na ce masa: so hana ganin laifi.
Ya zuba mini shayi, bai tanka ba.

A watan da inabi ya nuna a barandarmu
aka liƙa takarda a jikin bangon kasuwa:
Nestan, wata yarinya daga Kutaisi, za ta kaɗa shi.
Muka yanki tikiti mafi araha, can sama kusa da rufi,
inda madugun makaɗa ya koma ɗan tsako mai sanda.
Kowa ya zo da faifansa a cikin ka,
kowa ya kasa kunne don ya ƙure ɗan'uwansa.

Ta fara da sauri. Na zungure shi da gwiwar hannu.
Ta lafa. Ya yi mini murmushin mugunta.
Sai a tsakiyar sashen nan mai sanyi,
inda piyano ke magana shi kaɗai,
hannuwanta suka tsaya a sama.
Ta manta.

Numfashi ɗaya. Sandar madugu ta daskare.
Na biyu. Na ji bas tana wucewa a waje,
na ji agogon hannun Otar.
Na uku, wani mai sarewa mai sanƙo, can baya,
ya busa mata hanyar ƙasa-ƙasa,
yadda ake tuna wa yaro sunan kakarsa.
Ta kama. Ta bi.
Abin da ta kaɗa daga nan,
ban san ko sauri ne ko jinkiri ba.
Na manta ina da faifai a gida.

Muka tako da ƙafa ta kan gadar Mtkvari,
ba wanda ya ce uffan.
Ya sayi burodi mai zafi, muka yage shi a hanya.

Yanzu ran Lahadi mukan sa nawa, mu sa nasa.
Saurayin ya wuce wurin a guje, ko waiwaye.
Tsohuwar ta wuce shi da tulunta.
Mu ne kawai muke riƙe numfashi a nan,
muna laluben ramin da babu shi a faifai ko ɗaya.

Jiya Otar ya ɗaga allurar daidai wurin,
ya ƙirga uku da yatsu, ya mayar.
Ya ce: ba haka ba ne.
Na ce: na sani. Ɗora ruwan shayi.