Mai Taje Kankare

Shekara talatin da ɗaya ina taje kankare a Nebraska.
In na faɗi haka a bakin coci, dariya ake yi,
sai na buɗe tafin hannuna an gani.

Injin zuba zai wuce, ya bar siminti ɗanye yana huci,
mu ja masa jiƙaƙƙen buhu ya kashe sheƙin,
sannan in sauke matajin ƙarfe
in ja daga wannan kafaɗar titi zuwa waccan.
Minti ashirin gare ka.
Ka yi gaggawa, tsagar ta rufe bakinta,
ka makara, ya ƙi karɓar haƙori.

Delbert Hruska, shugabanmu mai yatsa tara,
yakan ce: Orval, santsi na madubi ne.
Ruwan da bai sami mafita ba, ƙarƙashin taya yake kwanciya,
ya ɗauki mota kamar ganye.
Tsaga masa hanyarsa, ya bar wa mutane tasu.

Ban san murya nake sassaƙawa ba.
Haƙoran matajina tazararsu ɗaya,
saboda haka kowace taya kuka ɗaya ta koya,
siriri, mai naci, sauro a cikin kunne.
Wata malamar makaranta da tagarta ke kallon titin
ta rubuta koke sau huɗu, ta gaji, ta sayar da gidan.

Yau Verna ce a kujerar baya,
kwana shida da sa mata ƙarfe a ƙugu,
mil tamanin tsakanin asibitin Omaha da gadonta.
Duk ƙafa goma sha biyar akwai gaɓa,
inda falle ya gaji da riƙe ɗan'uwansa:
dum. dum. dum.
Ina ganinta a madubi tana ƙirga su da haƙora.

Wannan naka ne? in ji ta.
Nawa ne. Bazarar da aka haifi Lyle.
Ta ce, na ji alama.

Bayan gadar kogi muka hau sabon aiki.
Yaran yanzu sun bi shi da injin niƙa,
sun aske tudun gaɓoɓin,
tsagarsu tana bin tafiya, ba ta gitta mata.
Motar ta yi tsit kamar an shiga ɗaki an rufe ƙofa.
Kofin kofi ya daina rawa.
Kafin mil uku Verna ta yi barci, baki a buɗe,
ni kuwa na riƙe sitiyari da kishin yaran da ban taɓa gani ba.

Mil goma na ƙarshe nawa ne kuma.
Can ruwa ya same mu, irin mai saukowa gaba ɗaya,
gonakin masara suka ɓace hagu da dama.
Barewa.
A tsakiyar layi, idanu biyu kore a cikin fitila.
Ƙafata ta riga tunanina zuwa birki.
Na jira wannan sauƙin da na sani,
lokacin da sitiyari ke zama wofi a hannu.
Bai zo ba.
Taya ta ciji titi, titi ya rama,
muka tsaya, tururin hancinta na taɓa murfin inji.

Ta dube mu, ta shige masara.

Na buɗe ƙofa na miƙa hannu ƙasa.
Tsagar ta sha ƙanƙara da gishirin hunturu talatin,
ta dakushe, amma ruwa na gudu a cikinta
gefe, gefe, zuwa ciyawa.

Mene ne? in ji Verna.
Ba komai.
To rufe ƙofar, ana jiƙa ni.
Kuma ka tafi a hankali, titinka yana cizona.