Gwangwanin Madara Uku

An gyara ɗakin karatu na Aboabo,
an shafe bango fari fat kamar asibiti,
an kawo kujeru masu ƙafar ƙarfe,
fanka na juyawa, ba ta ko tari.
Sai dai yara sun tsaya a bakin ƙofa,
su dubi ƙafafunsu, su dubi tayil.

Mako guda ni kaɗai da rajista,
warin fenti na cin hancina,
littattafai a jere kamar masu zaman makoki.

Ran Talata Inna Fuseina mai koko
ta shigo da gwangwanin madara uku,
ta ce, "Malam Issaka, ɗaki ba rai, wa zai yi sallama?"
Ta cusa jan fure da ta tsinko bayan masallaci
da ruwan ɗorawa daga shingen maƙwabcinta.
Ban tambaya ko ta nemi izini ba.

Ɗaya a taga, ɗaya gefen ƙamus,
ɗaya ta dire a kan teburina,
ruwa ya ɗiga a shafin da babu suna.

Da la'asar wata 'yar ficiciya, Memuna,
ta shigo ta shinshina na taga,
ta ce ai ba ƙamshi.
Amma ta zauna. Ta jawo littafin kifaye.
Bayanta biyu, bayansu biyar.

Yanzu kowace safiya sai na canza ruwa
kafin in buɗe wa hayaniyar Kumasi taga.
Furen da ya faɗo tsakanin shafuka ina tsince shi.
Wani kuma in bar shi a can.