Abin da Jar Akuya Ta Ci

Cima ta dama sitaci a tsohuwar tukunya,
ta ce, "Rabe, shafa kaɗan-kaɗan,
bango ba baƙo ba ne da za ka cika masa ƙwarya."
Na ɗauki bokiti da guntuwar tsintsiya,
da fuskar Tsahiru Nomau ɗari uku a leda,
na fita bayan lisha.

Daga Bagalam na faro.
Bangon mai niƙa, bangon makaranta,
shagon da ke rufe tun shekarar da Gulbi ya yi ɓarna,
gawar motar da ta tsufa a bakin tasha,
kowa na ba shi Tsahiru guda,
da hular aro,
da murmushin da mai hoto ya ce ya riƙe
har haƙora suka bushe.

Shekara ashirin da shida yana yi wa bisashe allura.
Daga Tibiri har Jiratawa
babu garken da bai san tarin babur ɗinsa ba.
Yanzu wai kujerar depite.
Na ce, "Kai da ko farashin rago ba ka iya ƙarawa?"
Ya ce, "Burtalin da gonaki suka haɗiye,
da rijiyar da ta rufta,
in na faɗe su da ƙarfi sau ɗaya a Yamai,
ai na biya kuɗin mota."

Da sassafe na koma duba aikina.
Jar akuya, irin tamu,
ta kafa ƙafafun gaba a bango
kamar mai leƙen gidan biki.
Ta ci hular, ta ci goshin,
tana tauna alkawarin rijiya a natse,
kunne ɗaya ta rage mini.

Na kai ƙara. Ya yi dariya har da tari,
ya ce, "Uwarta ma ni na yi wa magani.
Bar ta. Ita kaɗai na raba wa wani abu."

Sai na ari tsani.
Na ɗaga shi sama, can kusa da indararo,
inda sai mai raƙumi zai haɗa ido da shi.

Alhaji Kane kuwa mota goma sha biyu,
lasifika, sabulu, shinkafa,
da atamfa mai fuskarsa ko'ina.
Cima ma ta karɓo turmi.
Ta ɗaura, ta zauna a kan hancin Alhaji
tana dama mana sitaci,
ta ce, "Zane daban, ƙuri'a daban."
Ban tanka ba.

Ranar zaɓe na tsoma yatsa a tawada.
Da dare, a aji na uku, da fitilar salula
aka juye akwati a tebur.
Kane. Kane. Kane. Tsahiru. Kane.
Ina jan layi da gawayi a bayan tafina
har na daina.
Sittin da ɗaya.
Makiyayan da suka yi masa alkawari
rabi ba su da kati,
rabi sun bi ciyawa sun yi Dakoro.
Masu ƙafa huɗu kuwa ba a rubuta su ba.

Ran Asabar na same shi a ƙofar gida,
ya mayar da hular mutane,
ya ɗaure akwatin allura a bayan babur,
babur ya ƙi tashi.
"Tura ni, Rabe, akwai zawo a garken Jadi."
Na tura, na tura har kwana.
Jaka bakwai nake binsa,
ban ga fuskar tambaya ba.

Na biyo ta bangon mai niƙa.
Guda ɗaya ya rage can sama,
rana ta sha launinsa, murmushin bai saki ba.
A ƙasa ga ta tsaye, da ƴaƴa biyu yanzu,
ta ɗaga kai tana auna nisa.