Takardar Janairu

Ruwan Yuni na dukan kwanon shago,
Dilimi ta jiƙe sharkaf,
ba mai kawo waya gyara.
Na jawo durowa ina laluben dalma,
sai ga takardar nan ta Janairu,
bayan wani rasit, duk ta sha maiƙo,
rubutuna a kai kamar tonon kaza.

Abu biyar na ɗaukar wa kaina.

Na ɗaya: ba ni ba kwalba.
Kowace safiya in jefa ɗan noti guda
cikin gwangwanin madara,
har ɗari da uku, har ya fara nauyi a hannu.
Ranar da muka kai Ɗanliti makwanci,
shi da muka fara kurɓa tare bayan filin ƙwallo,
na dawo da jar ƙasa a takalmi,
ƙafata ta bi hanyar da na rantse na manta.
Kwalba biyu. Ko daɗin ban ji ba.
Da gari ya waye na kifar da gwangwanin,
na tsuguna ina kallon kwanakina a warwatse.
Oga Pam bai yi faɗa ba.
Ya duƙa da tsufansa, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.
"Waɗannan ma kai ka yi su," in ji shi,
"zan ajiye maka."
Yau sabon gwangwani na da sittin da takwas.

Na biyu: bashin Iro mai shayi.
Saura dubu huɗu.
Ya daina kau da kai in na gifta,
jiya har ya ƙara mini madara ban roƙa ba.

Na uku: hannuna ya bar rawa.
A da in na ɗora dalma
sai ta ɗiga inda ba a aike ta ba.
Makon jiya wata mai tumatir daga Farin Gada
ta kawo wayar da ta faɗa kwata,
na buɗe ta, na bi jijiyoyinta siriri kamar gashi,
ta kawo wuta.
Matar ta yi ta sa albarka, ba ta san
wa aka gyara a zaman nan ba.

Na huɗu: zaman Asabar a asibiti.
Takarda ba a yi mata ƙarya.
Na tsallake bakwai.
Biyu ruwa ne, biyar kunya.
Sista Nanret dai ba ta taɓa ɗauke kujerata ba.

Na biyar kuwa,
nan biro ya huda takardar:
Inna ta sake ba ni makullin ɗakinta.
Keken ɗinkinta na sayar, ya narke a maƙogwarona,
har yau gurbinsa na nan jikin bango,
sawun ƙafa huɗu a kan siminti.
Makullin na nan ƙulle a bakin zaninta.
Amma ran Juma'a ta miƙo dubu biyu,
ta ce in sayo maganin hawan jini.
Kemis fa. Ni.
Na tsaya gaban kanta, kwalaben na jere
suna kallona kamar tsofaffin abokai a wurin biki.
Bakina ya cika da miyau.
Na karɓi na Inna, na fito ban waiwaya ba.
Ta ƙirga canjin a gabana.
Ta sake ƙirgawa.
Sannan ta ce, "Akwai gwate a tukunya."

Ba zan ce na warke ba.
Sanyin Jos da tsakar dare baki gare shi,
ya san sunana, ya san wanda Inna ke kirana da shi.
Wani daren in amsa da alwala,
wani daren in ciji bargo kawai har asuba.

Ruwa ya tsagaita.
Na ninke takardar, ban soke ko layi ɗaya ba.
Ga noti a tafin hannuna, ƙarami kamar ƙwayar acca,
na juya shi, na mayar durowa.
Na gobe ba a jefa shi yau.