Ƙugiya a Tsakar Iska

Tan biyu na ƙarfe sun tsaya a sama,
ba hawa, ba sauka,
inji na gurnani kamar mai ciwon haƙori.
Asuba ce a bakin tekun Gdansk, sanyi na cin yatsu.

Na ce, "Injin ya ƙone."
Bogumila ba ta tanka ba.
Ta kore mu daga ƙarƙashin kayan,
ta kashe wuta, ta datse makunni da kwaɗo,
ta jefa makulli a aljihu.

"Kacper, mai gaggawa ke sayen sabon inji
saboda kusa ɗaya."

Ta shinshina akwatin wayoyi, babu ƙauri.
Fis uku, mita ta ce lafiya lau.
Birki bai cije ba.
Sai can ciki, bayan baƙin giris,
waya ɗaya cikin uku ta saki,
gishirin teku ya rina ta kore,
girgizar shekaru ta kwance mata ɗauri.
Ta kankare, ta matse.

Wuta ta dawo, kaya suka sauko
sannu, kamar tsohuwa a matakala.
Na fara tattara sifanu.

"Ina za ka?"

Ta riƙe tsumma, ta bi igiyar ƙarfe taki-taki.
Kusa da gangar naɗi tsumman ya maƙale:
silli shida sun tsinke, sun miƙe kamar ƙaya.

"Wancan ya yi kuka, mun ji.
Wannan ba ta faɗa wa kowa."

Shugaban aiki, Wieslaw, ya dubi agogo, ya yi tsaki.
Ta mai da kwaɗon inda yake,
ta kurɓi shayinta da ya huce.